Gonar Da Ake Nomawa Don Wuta: Darasi Daga Kuala Lumpur

Duk wanda jirgi ya taɓa saukewa da rana a filin jirgin sama na Kuala Lumpur ya san abin da ido ke fara cin karo da shi tun kafin taya ta taɓa ƙasa. Kore ne shar, iya ganinka, an jera shi layi-layi kamar kitson da gwanar makitsiya ta yarfa. Baƙo yakan ɗauka daji ne. Gona ce, kuma bishiya iri ɗaya ce tak a cikinta, wato kwakwar manja. Shi kansa filin jirgin, wanda aka buɗe a 1998 a gundumar Sepang, a tsakiyar gonakin kwakwa aka gina shi. Idan ka hau jirgin ƙasa mai sauri zuwa tashar KL Sentral, tafiyar kimanin rabin awa, bishiyoyin za su raka ka har sai dogayen benaye sun karɓe ka daga hannunsu.

Shekarata ta uku ke nan a Serdang, kudu da birnin, ina karatun digiri na uku a fannin makamashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani bidiyo da ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na ɗaliban Arewa mazauna ƙasashen waje. Ana nuna wata doguwar ciyawa da ta fi mutum tsawo, ana cewa a shuka ta a Jigawa ko Katsina, a yanka, a ƙona a tukunya, wutar lantarki ta samu, a huta da jiran NEPA. Har an fara maganar haɗa kuɗi da neman fili. Ni kuwa ina zaune a ƙasar da ta shafe sama da shekara 20 tana kokawa da wannan batu, kuma na ga inda ta ci nasara da inda ta yi tuntuɓe.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururin ya juya inji, injin ya juya janareta. Haka tashar kwal take aiki. Bambancin kawai shi ne abin da ake zuba wa wutar: itace, ko kara, ko ɓawo, ko ciyawa. Shi ake kira makamashin tsirrai. Yana da fa'ida biyu da ba a musu a kansu. Tashar tana aiki dare da rana, ba ta jiran fitowar rana ko kaɗawar iska. Sannan hayaƙin da ya fita, sabon tsiro yana sake shanye wani kaso nasa idan an sake shuka. Tambayar da ke kayar da mutane ita ce: daga ina abincin tukunyar zai riƙa fitowa, kullum, shekara da shekaru?

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Kwakwar manja 'yar Afirka ta Yamma ce. A wurarenmu ana yawan faɗa cewa 'yan Maleshiya sun zo Najeriya bayan samun 'yanci, suka ɗebi iri, suka tafi suka bar mu. Tarihin ya fi haka tsawo. A 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, kuma daga zuriyarsu aka sami irin da ya bazu a yankin. A Malaya an fara shuka ta ne don ado a bakin hanya. Gonar kasuwanci ta farko ita ce Tennamaram, a jihar Selangor, wadda wani Bafaranshe mai suna Henri Fauconnier ya dasa a 1917. Gaskiyar da ke cikin zancen namu ita ce, a 1973 masu bincike daga Maleshiya sun haɗa hannu da cibiyar NIFOR da ke kusa da Benin suka tattara iri daga sassan Najeriya don inganta nasu. A 1981 kuma suka shigo da wani ɗan ƙwaro daga Kamaru, wanda ke kai garin fure daga namiji zuwa mace, aikin da a da leburori ke yi da hannu.

A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen manja. Maleshiya ta wuce ta da tsari: hukumar FELDA, wadda aka kafa a 1956, ta zaunar da talakawa marasa gona a sababbin ƙauyuka, ta ba su fili da iri da matsa a kusa. Yau gonakin kwakwa a ƙasar sun haura hekta miliyan 5 da rabi, matsun manja kuma sun kai kimanin 450. Indunusiya ce kaɗai ta fi ta, tun 2006. Abin dariyar shi ne, a ƙasar manja, jan manja irin na miyarmu sai an je shagunan 'yan Afirka. Nasu sun tace shi ya yi garau kamar man gyaɗa, da shi ake soya komai, daga roti canai na karin kumallo har kazar da ake ɗorawa kan nasi lemak.

Wutar da ke haska birnin

Kuala Lumpur na nufin mahaɗar ruwa mai taɓo. Idan ka tsaya a gaban Masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909, za ka ga inda kogin Klang da kogin Gombak suka haɗu, wurin da masu haƙar kuza suka yada zango a 1857. Daga nan ka ɗaga kai. Ga tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452, ga Merdeka 118 wanda a duniya bene ɗaya ne kawai ya fi shi tsawo. Bayan magariba birnin yakan koma kamar an watsa taurari a ƙasa. Jiragen ƙasa na lantarki suna ta kai-komo a sama da ƙarƙashin titi, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa a masallaci ko kanti, masu shayin mamak suna jan teh tarik har asuba a ƙarƙashin fitila. Mutumin da ya tashi da ihun yara idan an kawo wuta, sai ya yi watanni kafin ya daina cajin wayarsa da gaggawa.

Mai karatu zai zaci ƙasar da ke da wannan uban tulin ganye da ɓawo da shi take haska kanta. Ko kusa. Kwal da iskar gas ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Wutar da kamfanin TNB ke rarrabawa tana fitowa ne daga manyan tashoshi irin na Kapar kusa da Klang, da Jimah kusa da Port Dickson, da Manjung a jihar Perak, kuma kusan duk kwal ɗin daga waje ake sayo shi, galibi daga Indunusiya. Kason makamashin tsirrai a wutar ƙasar bai taka kara ya karya ba.

Gwamnati kuwa ta yi ƙoƙari. A 2001 ta fito da shirin ƙananan tashoshin makamashi mai sabuntuwa. A 2011 ta yi doka ta kafa hukumar SEDA a Putrajaya, ta kuma ba masu tashoshi farashi tabbatacce na shekaru masu yawa, wanda ake biya daga ɗan ƙarin kashi 1.6 cikin 100 da aka ɗora wa takardar kuɗin wutar masu shan wuta da yawa. A shekarar ne kuma tsarin ƙasa kan makamashin tsirrai ya ƙiyasta cewa harkar kwakwa na barin busasshen tarkace da ya kai tan miliyan 80 a shekara. Ga doka, ga kuɗi, ga kaya. To me ya hana?

Yini guda a matsar manja

Amsar tana bayan gari. Malaminmu ya kai mu wata matsa a kan hanyar Kuala Selangor, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga birni, ta Sungai Buloh da Ijok, yankin da tsohuwar gonar Tennamaram take. Tun daga nesa wari ke sanar da kai ka iso, wani irin wari mai maiƙo kamar an dafa ɗanyar gyaɗa an manta da ita a tukunya. Motoci sun yi layi a bakin sikeli, kowace maƙare da nonon kwakwa ja da baƙi, mai ƙaya, wani ya kai nauyin yaro ɗan shekara biyar. Leburorin da ke yanko su da doguwar sanda mai lauje a kai, yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Indunusiya da Bangaladash. Dole a matse nonon cikin kwana ɗaya ko biyu da yankewa, in ba haka ba man ya yi tsami. Wannan ya sa matsa take zaune a tsakiyar gona.

A cikin kilo 100 na nonon da ya shiga, manjan da ke fita kimanin kilo 20 ne. Sauran ya kasu: zaren jikin 'ya'yan bayan an matse, da ɓawon ƙwallo mai tauri, da ƙwallon kansa, da fankon nono wanda aka kakkaɓe wa 'ya'ya, shi kaɗai ya haura kilo 20, sai gurɓataccen ruwa mai yawa. Abin da ya burge ni shi ne matsar da kanta take ciyar da kanta. Zaren da ɓawon ake zubawa a tukunya, tururin ya dafa kwakwa, ya kuma ba da wutar da injuna da gidajen ma'aikata ke amfani da ita. Haka matsun ƙasar suke yi tun kafin a fara taron duniya kan sauyin yanayi. Gurɓataccen ruwan ma, idan an rufe tafkinsa da tamfol, yana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, kuma tun 2014 hukumar kula da manja ta MPOB ta wajabta wa sababbin matsu kama wannan iskar.

Nan makamashin tsirrai yake cin riba ba gardama: abincin tukunya yana faɗowa a ƙofarta, wani ya riga ya biya kuɗin nomansa da ɗaukarsa, domin manja aka nema.

Me ya hana tulin ya zama wuta?

A bayan matsar akwai tsaunin fankon nono yana tururi a rana. Shi ne aka sa wa rai zai haska ƙasa. Tashar farko da ta tura wutarsa cikin babban layi tana Kunak, a jihar Sabah, mai ƙarfin megawat 14, kuma ta fara aiki sama da shekara 20 da suka wuce. Waɗanda suka biyo bayanta sun gamu da matsaloli iri ɗaya.

Na farko, jiƙa. Fiye da rabin nauyin fankon ruwa ne. Mai ɗaukarsa a mota ruwa yake biya wa kuɗin dizal, mai ƙona shi kuma sai ya ɓata wani kaso na wutar wajen busar da shi.

Na biyu, toka. Iyayenmu mata sun san tokar karan gero tana da kaifi, shi ya sa ake tsiyayar ruwan toka a sa a miya ko a yi sabulu. Sinadarin da ke ba ta wannan kaifi, fotashiyam, yana da yawa a fankon kwakwa. A cikin zafin tukunya yakan narke ya manne a jikin bututu kamar ƙanzo, har sai an kashe wuta an shiga da guduma. Injiniyan da ya zagaya da mu ya ce duk ranar da tukunya ke kwance, bashin banki bai kwanta ba.

Na uku, shara tana daina zama shara ranar da mai saye ya bayyana. Masu gona suna mayar da fankon gindin bishiya ya zama taki. Ɓawon ƙwallo, wanda ya fi komai cin wuta, tun da Japan ta fara biyan farashi mai tsoka ga tashoshinta a 2012, jiragen ruwa ke kwasarsa daga tashoshin Maleshiya da Indunusiya. Mai tasha yana son yarjejeniyar shekara 15 ko 20 domin banki ya ba shi rance, mai matsa kuwa ba ya son ɗaure kansa da farashin yau alhali gobe na iya fi. Tashar da ba ta da matsa tata takan koma kamar mai tuwon sayarwa da ba ta da rumbu, kullum tana bin kasuwa.

Ciyawar da ake nomawa don tukunya

Daga wannan matsala aka fara tunanin noma abin ƙonawa da gangan. A 2023 gwamnati ta fitar da taswirar sauya makamashi, wadda ta sa burin kai kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tashoshin ƙasar ya zama mai sabuntuwa nan da 2050, ciki har da gauraya makamashin tsirrai da kwal a tashar Tanjung Bin da ke Johor. Babbar tasha irin wannan cikinta ba ya cika da wuri. Saboda haka a tarukan da ake yi a otal-otal na Kuala Lumpur za ka ji ana ambaton gora, da bishiyoyi masu saurin girma, da ramar da muke kwaɗo da ita, wadda a nan har hukuma take da ita tun da aka sa ta maye gurbin taba a jihohin Kelantan da Terengganu. Sai kuma tauraruwar bidiyon nan, ciyawar Napier.

Ita ma 'yar Afirka ce, 'yar'uwar gero ce ta jini, har ana haɗa su aure a sami iri mai yawan ganye. A filayen gwaji na Serdang na tsaya a cikinta, ta rufe ni ruf, tsawonta ya kai mita uku zuwa huɗu. Da kara ake dasa ta kamar rake, a yanka bayan 'yan watanni ta sake tohowa. Wanda ya gan ta dole ya yi sha'awa. Amma tana da ƙishirwa, tana da cin taki, kuma ɗanyarta kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne.

Ga lissafin da muke yi a aji, kowa na iya bin sa da biro. Ɗauki tasha mai megawat 10, wadda ba ta isa ta riƙe babban gari ba. Idan ta yi aiki awa 7,000 a shekara, ta ba da megawat-awa 70,000. A ƙaramar tasha, tan ɗaya na busasshiyar ciyawa yana ba da kusan megawat-awa ɗaya. Ke nan ana buƙatar tan 70,000, wato mota mai ɗaukar tan 10 kusan guda 20 kowace rana ta Allah, in busasshiya ce. Mu ƙaddara hekta ɗaya ta ba da tan 30 a shekara, a wurin da ruwa da taki suka wadata. Fili ya kama hekta 2,300 da ɗoriya. Kuala Lumpur tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, babu watan da ba a yi. Kano kuwa a yawancin shekaru ba ta kai 1,000 ba, kuma a wata huɗu ake zubar da shi. Idan hektarmu ta ba da tan 10, ana neman hekta 7,000. In kowane magidanci yana noma hekta biyu, gonakin gidaje 3,500 ke nan.

Ko a nan Maleshiya, ciyawar tana da wani mai nema. Ƙasar tana sayo sama da kashi ɗaya cikin uku na shinkafarta daga waje, tana sayo yawancin naman shanu da masarar abincin kaji. Masu kiwon shanu da awakin madara su ne manyan masu noman Napier, kuma saniya tana biyan kuɗin ganye fiye da yadda tukunya za ta biya.

Hazon da ba na hunturu ba

Akwai kalmar da kowane ɗalibi ke koya a nan: jerebu. Hazo ne, amma ba irin namu na hunturu mai sanyi da ƙura ba. Hayaƙi ne mai ɗaci da ke sa ido ruwa. Waɗanda suka riga mu zuwa suna ba da labarin 2015 da 2019, lokacin da aka rufe makarantu, benayen Petronas suka ɓace a sama da tsakar rana. A watan Agustan 2005 sai da aka kafa dokar ta-ɓaci a Port Klang da Kuala Selangor saboda shi. Yawancinsa yana tasowa ne daga gobarar tsibiran Sumatra da Borneo, inda aka janye ruwan fadamu masu ruɓaɓɓen ganye na dubban shekaru don dasa kwakwa da itacen takarda. Irin wannan ƙasa idan ta bushe takan ci wuta ta ƙarƙashi, makonni ba ta mutu ba.

Darasin a fili yake. Da zarar tsiro ya zama kuɗi, sai ya fara cin ƙasa, kuma ba ya tambayar wa ke zaune a kanta. Ita kanta Maleshiya a 2019 ta sanar da iyakance gonakin kwakwa a hekta miliyan 6.5. Idan aka sare daji don a shuka ciyawar da za a kira mai tsabta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai dai akwai wani wuri a Kepong, arewa da birni, da ke nuna ɗaya fuskar. Dajin cibiyar binciken gandun daji ta FRIM yana da duhu da sanyi, har ka rantse tun fil azal yake. Da hannu aka dasa shi, tun daga shekarun 1920, a kan filin da haƙar kuza da noma suka lalata. Ƙasar da ta mutu tana iya farfaɗowa, kuma irin wannan fili, wanda ba ya ciyar da kowa, shi ya dace da noman makamashi.

Kara a gida yana da mai shi

Ni 'yar Haɗeja ce. Wani dare, lokacin ana la'asar a gida domin muna gaba da awa bakwai, na yi wa mahaifina bayanin karatuna a waya. Na ce ana iya ƙona karan dawa a sami wutar lantarki. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Uwata, in kun ƙone karan, shanun su ci me da rani?" Na ce, "Baba, ai wanda ya rage za a ɗauka." Ya yi dariya ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Wane ne ya rage?"

Gaskiya ya faɗa. A takardun masana, karan dawa da na gero da harawa duk ana lissafa su cikin tarkacen gona, a tara a ce tan miliyan kaza na zube a banza. Wanda ya zauna a ƙauye ya san ba haka ba ne. Da kara ake danga da rumfa da jinka, shi ne itacen girkin matar da icce ya fi ƙarfinta. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ne, ana ɗaure su a kan bishiya ana jiran watan da za su yi tsada. Abin da ya saura a gona, shanun makiyaya su ci su bar taki. Mun kuma san abin da ƙarancin burtali da makiyaya ya jawo mana. Wanda ya killace hekta 7,000 don ciyawar da za a ƙona, a ƙasar da ake zubar da jini a kan ciyawa, ya san abin da ya taro.

Mun taɓa ganin irin wannan guguwa. Wajen 2007 duniya ta ruɗe a kan bini-da-zugu, aka ce yana fitowa a kan fako ba ruwa ba taki, ya ba da man dizal. A shekarar ce Najeriya ta fitar da manufarta kan man tsirrai. Daga baya ta bayyana cewa yana rayuwa a fako, amma 'ya'yan kirki sai a ƙasa mai kyau. Kamfanin BP ya janye daga harkar a 2009. A Kisarawe ta Tanzaniya wani kamfanin Ingila ya karɓi dubban hektoci daga ƙauyuka, ya durƙushe a 2011, aka bar mutane ba aiki ba gona.

A gefe guda kuma, ga abin da Allah Ya hore mana fiye da Maleshiya, wato rana. Ganye yana adana kashi ɗaya ko biyu ne kacal cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, farantin sola kuwa yana kama kusan 20. Tashar sola mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso ta Kano a Janairun 2023 tana zaune ne a kan hekta 24. Da rana kaɗai take aiki, don haka sai an ninka ta kamar sau huɗu kafin ta ba da wutar shekara irin ta waccan tasha ta lissafinmu. Duk da haka ba a wuce hekta 100 ba. A auna da 7,000.

Inda ya kamata mu fara

Wannan ba ya nufin makamashin tsirrai ba shi da gurbi a Arewa. Gurbinsa shi ne irin na matsar manjan nan: inda kaya ya riga ya taru da kansa. Duk wanda ya bi ta Kura ko Argungu ko Haɗeja ya ga tsaunukan ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa, wani lokaci ana cinna musu wuta don a sami wuri. Ɓuntu busasshe ne, yana bakin ƙofa, kuma injin da ya fitar da shi yana shan dizal. A Indiya da Tailan an daɗe ana mayar da shi wuta. Haka ragowar rake a masana'antun sukari irin na Numan da Sunti, hanyar da Barazil da Morishiyos suka bi suka haska garuruwa.

Sannan ga kacala. Tun da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar ruwa, wannan ciyawa ta mamaye fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Ba wanda ya shuka ta, ba ta neman taki, yanke ta ma taimako ne ga manomi da masunci. A kwarin kogin Sanagal, inda madatsar Diama ta haifar da irin wannan annoba, mutanen Sanagal da Muritaniya suna yin gawayi da ita. Yankanta a cikin ruwa aiki ne ja, busar da ita ma haka, amma rani mai tsawo da zafin rana da muke kuka da su, a nan sun zama jari.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna waje, kafin kowa ya tura kuɗinsa ko ya sa baki a ba da filin garinsu, ya nemi amsar tambaya huɗu a rubuce. Filin nan, wa ke ci daga gare shi yanzu, har da makiyayin da ke ratsawa sau ɗaya a shekara? Ruwan da ciyawar za ta sha daga Nuwamba zuwa Mayu, daga ina, kuma gonar wa za a rage wa? Kilomita nawa ne tsakanin gona da tukunya, wa zai biya dizal? Wa ya sa hannu zai sayi wutar, a kan nawa, na shekara nawa? Mai shirin gaskiya zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin ya riga ya yi wa kansa su. Wanda ya amsa da sake turo bidiyon doguwar ciyawa, a gaya masa cewa a ƙasar da ake ruwa wata goma sha biyu ma, har yau tukunya tana jiran abinci.